Ruwan Marigayiya

Litinin, 14 ga Janairu

Mun baro San Juan da hantsi. Kunkuru, motarmu, yana tari, amma yana tafiya. Tun da Osvaldo ya mai da tsohuwar bas ɗin nan gida, ya kafa mana gado da murhu da tankin ruwa, bai taɓa yarda cewa tana da ciwo ba. "Gyaran murya yake yi, Malama," in ji shi. Na ce mijin da ke kare mota fiye da matarsa, Allah ya shirye shi.

Jiya a dandali yara sun cika mini tabarma. Na buɗe akwatunan littattafai, sai ga su kamar tururuwa. Wata 'yar mitsitsiya mai giɓi ta riƙe littafi a juye tana karanta wa ƙaninta da ƙarfin hali, labarin da ta ƙirƙira ya fi na cikin littafin daɗi. Don irin wannan na ajiye alli na bar aji. Ban yi nadama ba.

Osvaldo ya wasa wa matan unguwa almakasai, ya sayar da wuƙaƙe. Darasin 'yarmu Amparo na yau: taswira. Ta bi hanyarmu da yatsa har Chilecito, inda babanta zai baje koli farkon wata. Shekara takwas, amma tambayoyinta na sa ni buɗe littafi a ɓoye.

Laraba, 16 ga Janairu

Tiyon lagireto ya fashe da tsakar rana, a wurin da ba gida ba inuwa, sai duwatsu da ƙaya. Osvaldo ya ɗaure shi da roba da waya, amma ruwan duk ya tsiyaye. Tankinmu kuma saura kaɗan, don famfon gidan mai na baya ba ya kawowa.

Ga ɗan ɗakin Marigayiya, waliyyiyar matafiya, a gefen hanya, ƙarami kamar akurki, da kyandir narkakke, da gorunan ruwa jibge kewaye da shi.

"Ƙato, me kake jira? Ga ruwa can."

"Na Marigayiya ne, Malama."

"Na sani. Ita dai ba ta da lagireto."

Bai yi dariya ba. Ubansa direban babbar mota ne, a gidansu ba a wasa da wannan. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya cire hula, ya je ya durƙusa. Na ji yana cewa, "Da izini, Uwa. Aro ne." Ya kwaso na jerin gaba, rungume guda, ya ɗura wa Kunkuru. Ya ce in mun samu famfo za mu cika mu dawo da su, haka ake yi. Na ce mu dawo ina, da wannan man da wannan rana? Ɗakunanta sun cika hanya daga nan har iyaka, ba ta rasa ruwa ba. Ya mai da hularsa ya hau mota. Ni na ɗauka ya yarda.

Amparo ta tambaya, na ba ta labarin yadda kakata ta ba ni: matar da aka tafi da mijinta yaƙi, ta bi sawunsa a ƙasa da jariri a hannu, ƙishirwa ta kashe ta a daji. Makiyaya suka tarar da ita a kwance, jaririn yana raye yana shan nono. Shi ya sa matafiya ke ajiye mata ruwa.

"To mun shanye mata ke nan?"

"Kunkuru ne ya sha, uwata. Je ki tattaro gorunan, suna da amfani."

Alhamis, 17 ga Janairu

Darasi mai daɗi! Mun yanka gorunan jiya. Saman ya zama mazurari, gindin muka shimfiɗa wa auduga muka sa ƙwayar wake, mu ga yadda rai ke fitowa. Amparo ta rubuta sunanta a jikin nata. Sauran na yi tukwanen fensir da su.

Osvaldo ya shigo ya ga aikin. Ya tsaya a bakin ƙofa da gwangwanin mai a hannu.

"Duka kika yanka?"

"Roba ce fa, Ƙato."

"To." Ya fita. Har yamma yana ƙarƙashin mota yana ɗaure abin da ba ya kwance.

Juma'a, 18 ga Janairu

Zafi. Man shanu ya zama miya. Ba mu yi karatu ba.

Asabar, 19 ga Janairu

Mun kwana kusa da Huaco, muka ci gaba. Amparo ta bar kujerarta ta gaba, ta koma tagar baya, ta kifa haɓa a kan hannu. Da rana ta take sai ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Mama, akwai mata a hanya."

Na duba. Kwalta ce kawai tana rawa a cikin zafi, da wani ɗan duhu can nesa, tsaye, kamar itace. Na ji daɗi ma, na ce ga darasi ya kawo kansa. Na zana mata yadda iska mai zafi ke lanƙwasa haske, na rubuta mata kalmar da manyan baƙaƙe: KAWALWALNIYA. Ta saurara kamar kullum, ta maimaita mini tsaf, babu kuskure. Na sumbace ta.

Sannan ta ce, "Kawalwalniya tana riƙe jariri?"

Osvaldo ya ƙara wa rediyo murya.

Lahadi, 20 ga Janairu

Mun yada zango a ƙarƙashin wata bishiya a bakin busasshen rafi. Na zuba mate, shayin ganyen nan namu, ƙoƙon yana zagayawa tsakanina da Osvaldo, Amparo kuma na ba ta nata ruwan lemo a kofinta mai hoton agwagwa. Ta ɗauka ta kai bakin matakala ta ajiye, ta dawo ta zauna.

"Na wa?"

"Na baƙuwa."

Osvaldo ya so ya mai da shi wasa. "Ah, gimbiya ta yi baƙi ba ta gaya mana ba? Da mun yanka rago."

"Ba ta cin nama, Baba. Ruwa take so."

Bayan barcin rana na je ɗauko kofin. Babu komai a ciki. Wannan ba abin mamaki ba ne, rana ce, ko ƙadangare ya ture shi. Sai dai kofin a tsaye yake, ƙasan matakala a bushe, cikinsa kuma ko danƙon lemo babu. Kamar an lashe.

Audugar waken ma bushewa take yi. Ina jiƙa ta, in juya, in tarar da ita ƙamas. Amma waken ya tsage, ya fito da farar saiwa.

Talata, 22 ga Janairu

Na yi abin da ban taɓa yi wa ɗan kowa a aji ba. Na daka mata tsawa.

Tun shekaranjiya tankin yake raguwa fiye da ƙima, Osvaldo ya bi duk tiyo bai ga yoyo ba. Yau muna tafiya na leƙa baya, sai na ganta durƙushe wajen ɗan famfon da ke zubar da ruwa waje, ta buɗe shi kaɗan. Ruwanmu na sha yana ɗiga a kan kwalta, ɗis, ɗis, tun daga ina ban sani ba.

Na ce, "Kin haukace ne? A dajin nan?"

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. "Tana lasa, Mama. Tana sunkuyawa ta lasa. Ba ta samun da yawa."

Na rungume ta ina ba ta haƙuri, sai na ji leɓenta ya kankare mini kumatu. Na riƙe fuskarta na duba. A tsage. Na yi ta tunani yaushe na ga ta sha ruwa da idona, na kasa tunawa. Ina ba ta kofi, tana cewa na gode, ni kuma ina komawa kan littattafai.

Ni da nake lura da wane yaro ne bai karya kumallo ba a aji mai cike.

Laraba, 23 ga Janairu

Ba ta sha. Na gwada lemo, madara, kankana, gasar wa zai riga shanyewa, labarin raƙumi. Takan ɗan tauna burodi busasshe, shi ke nan. Na kai kofi bakinta, ta datse haƙora.

"In na sha tana gani."

"Wa ya ce laifi ne ki sha?"

"Ba ta ce komai ba. Ba ta iya magana, harshenta ya kumbura."

Ban taɓa gaya mata haka ƙishirwa ke yi wa mutum ba. Na bincika littattafan akwati, ko ta karanta a wani wuri. Ban gani ba, amma ban duba duka ba.

Mun wuce wani ɗakin Marigayiya babba, mai fenti. Osvaldo ya taka birki, ya sayi goruna sababbi a shagon gefe, ya jera su, ya kunna kyandir. Ya dawo yana tafa hannu. "Shi ke nan, gimbiya, an biya baƙuwarki har da gyara. Sha mu tafi."

Ta dube shi kamar tana tausayinsa. "Ba nan ba ne, Baba. Ba ta san nan ba. Mu take bi."

Da muka fita waje na ce masa laifinsa ne, shi da durƙusonsa da "aro ne, Uwa", ya cusa wa yarinya tsoro. Ya ce, "Ni na yanka gorunan?" Ba mu sake magana ba. A gida mai faɗin taku uku, rashin magana aiki ne.

Alhamis, 24 ga Janairu

Ta faɗi tana saukowa daga gado. Muka kai ta ɗan asibitin ƙauye. Nas ɗin mace ce mai jiki da fara'a, ta sa mata ƙarin ruwa tana tsokanarta: "Ke kuma wace irin kurciya ce ba kya sauka rafi? Kin ga allurar nan? Kishiyar kofi ce, in kin ƙi wancan ki samu wannan." Amparo ta yi murmushi, ta juya ta kalli ledar ruwan tana ɗiga, sai hawaye. Ko hawayen ma kaɗan ne.

Nas ta ja ni gefe. "Maman Amparo, wannan zai riƙe ta zuwa gobe. In ba ta fara sha da bakinta ba, ku wuce babban asibiti a arewa, kada ku tsaya ko'ina. Ƙodar yara ba ta jira."

Na fito in ɗauko mata riga. Tsakar rana, ƙauyen duk an rufe tagogi, ko kare babu. Na hau Kunkuru, idona ya faɗa kan madubin gefen direba, wanda ke kallon hanyar da muka baro.

Ɗan duhun nan. Bai kai nisan na ran Asabar ba.

Na san abin da haske ke yi. Na koyar da shi shekara da shekaru. Na tsaya ina jiran ya narke kamar yadda ya kamata, bai narke ba. Sama ya fi ƙasa faɗi, kamar mai ɗauke da abu a ƙirji. Kuma yana ɗan karkata, dama, hagu, dama.

Ban juya na duba da idona ba. Ban san dalili ba. Na ɗauki rigar na fita ta ƙofar da ba ta kallon can.

Waken ya yi ganye biyu.

Juma'a, 25 ga Janairu

Zan rubuta yadda aka yi, tun hannuna bai manta ba.

Da safe ba ta sha ba. Ta ce mini, da murya kamar takarda, "Jaririn ya daina kuka." Osvaldo ya ji. Fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Asibiti. Yanzu. Na bar maganar Marigayiya, Malama, ke ce da gaskiya, tsoro na ba ta. Likita kawai." Bai runtsa ba tun shekaranjiya, sai na karɓi sitiyari na ce ya kwanta kusa da ita.

A bakin ƙauye hanya ta rabu. Dama arewa, asibiti. Hagu inda muka fito. Nisan kusan ɗaya ne, don mun yi ta yada zango ne a kwanakin nan, ba mu yi wata tafiya ba. Na tsaya, injin yana kaɗawa. Na ce wa kaina za su sa mata wata ledar, da wata, sannan me? Wa zai buɗe mata haƙora? Na ce wa kaina yaro in ya ƙulla abu a ransa, ta inda ya ƙulla ake kwancewa, kowace malama ta san wannan. Hujja ce mai kyau. Ina fata ita ce ta juya sitiyarin.

Na yi hagu.

Na tsaya a famfon gidan mai na cika duk abin da ke da murfi: gorunan lemo, na man girki da na ɗauraye, har kwalbar da nake ajiye maɓallai. Osvaldo ya farka da muka yi nisa, ya ga rana a tagar da bai kamata ba. Ya taso yana dafa bango.

"Zulema. Ina kika nufa?"

Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar ɗaurin aure.

"Mai da aro."

"In wani abu ya same ta a hanyar nan..."

"Na sani."

"Ke fa kika ce roba ce."

"Na sani, Osvaldo! Riƙe mata kai, hanyar ba kyau."

Ya koma. Duk tafiyar idona na kan kwalta gabana. Na yi ta jiran mu yi kiciɓis da ita, tunda in tana bin mu, dole mu gamu. Ba mu gamu da kowa ba, sai wata motar inabi. Amma a wani gangare Amparo ta ɗaga kai ta ce, "Ta juyo." Na ji gashin hannuna ya miƙe. Na rage gudu. Ni, da yarinya a kwance, na rage gudu, kamar mai jiran wani ya cim mata.

Na ji tsoron ba zan gane wurin ba. Na gane shi da baƙin tabon da lagireto ya bari a gefen hanya. Wasu matafiya sun ƙara goruna a baya da gefe, har sun hau kan juna. Amma jerin gaba, inda Osvaldo ya kwasa, ba wanda ya ajiye komai. Shatin gindin kowace gora yana nan a ƙasa, zagaye, tsaf, kamar yanzu aka ɗaga. Kwana tara da iskar wurin nan.

Osvaldo ya ɗauko Amparo a hannu. Ta ce ni zan jera. Na durƙusa a kan tsakuwa mai ƙuna na sa kowace gora a shatinta. Ban ƙirga abin da na cika ba, ban ƙirga shatin ba, amma da na sa kwalbar maɓallai babu sauran gurbi, babu sauran gora. Amparo ta miƙo wakenta, na ajiye a bakin ɗakin.

"Ce wani abu, Mama."

Ban san me ake cewa ba. Na ce, "Ga shi, Uwa. Mun daɗe. Yi haƙuri da gorunan, ba naki ba ne, naki na yanka."

Muka tsaya. Ba iska, ba tsuntsu. Amparo tana kallon hanyar arewa, kanta yana juyowa a hankali, a hankali, kamar mai bin wani da ido. Sai ta ce, "Baba, matsa." Ya matsa. Ni ma na matsa, har na taka ƙaya.

Wani wari ya wuce ta gabana. Na san shi, duk wadda ta yi shayarwa ta san shi: nono da ya bushe a jikin riga.

Sai gorar farko ta yi ƙara, ƙwas, irin ta roba in ana zuƙe abin da ke ciki. Ruwan famfo mai sanyi a cikin rana, roba tana motsi, na sani. Ta biyu ma ta yi. Ban tsaya jin ta uku ba, don Amparo ta ja rigar babanta ta ce:

"Ƙishirwa nake ji."

Mun jera duk ruwanmu a ƙasa. Abin da ya rage sai na butar mate, mai ɗumi. Ta kama butar da hannu biyu. Osvaldo yana cewa, "A hankali, gimbiya, a hankali, bar wa tsoho na shayi," yana kuka kamar yaro.

Lahadi, 27 ga Janairu

Mun kai ta babban asibitin duk da haka. Likita ya ce an yi sa'a. Ya tambayi me ya sa ta ƙi sha, na ce rigimar yara.

Tana sha kamar rairayi. Ta koma kujerar gaba.

Laraba, 30 ga Janairu

Na tambaye ta game da baƙuwar, a fakaice, muna wanke kwanuka. Ta ce, "Wace?" Ban sani ba ko ta manta ne ko tana raga mini.

Litinin, 4 ga Fabrairu

Chilecito. Wuƙaƙe suna tafiya, Osvaldo ya dawo da tsokanarsa. Yara sun cika tabarma a dandali, wani ya tambaye ni ko kifi yana jin ƙishirwa, muka yi rabin awa a kai, na ji daɗi ƙwarai.

Darasin Amparo na yau: yadda ruwa ke zama tururi. Ta gane nan take. Babin kawalwalniya na tsallake shi, ta riga ta iya.

Gorunan lemo na daina yanka su. Ina wankewa in cika in jera a ƙarƙashin gado. Osvaldo ya gani ya ɗaga gira, na ce na lagireto ne. "Na lagireto, Malama," in ji shi, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Yanzu barcin rana ne. Amparo ta yi nisa, bakinta a buɗe. Osvaldo yana can rumfa. Kofi mai agwagwa yana bakin matakala inda na ajiye shi, cike, a ɗan inuwa. Ba don komai ba. Hanyar tana da tsawo, ga zafi, ga yaro a hannu.

In sun kusa tashi zan ɗauko shi in ɗauraye. Ba ya buƙatar zubarwa, a bushe nake tarar da shi.